Shekarar da Aka Rufe Mangazar Kawu

A shekarar da aka rufe jami'a aka ce kowane ɗalibi ya koma garinsu, ni gidan kawuna na koma, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙaramar lakol, wato firamare. Garinmu na kasuwa ne, a gefen hanyar da ta ratsa Cadawa ta nufi Gazawa. Kawu wake yake saye da kaka daga manoman karkara, ya tara shi a mangazarsa, ɗakin ajiyar kaya da ke bakin tasha, har manyan motoci su zo su ƙetara da shi kudu. Ba ya cikin manyan attajiran gari, amma duk abin da gidanmu yake ci a shekara daga wannan ɗaki mai ƙofar ƙarfe yake fitowa.

Da yake ba ni da aikin yi, sai aka ba ni ɗaya: kai abinci masaukin mai lanho, wato ma'aikacin haraji.

Sai na yi bayanin wannan, domin yaran yanzu ba su tarar da shi ba. A lokacin, ma'aikacin lanho guda ne yake zagaya kasuwannin yankinmu, wani dattijo dogo mai furfura a gemu, wanda kowa yake kira Mushe, kalmar girmamawa ta Faransanci. Yakan zo daga babban gari a kan tsohon babur, ya sauka a wani ɗaki bayan ofishin mai gari, ya yi 'yan kwanaki yana duba patantin masu shaguna da mangazu, wato takardar harajin sana'a. Baƙo ne, kuma a garinmu ba a barin baƙo ya hura wuta. Duk gidan da yake da hali yakan aika masa da kwano da rana. Yakan ɗanɗana daga kowanne, ya ba masu gadi saura, a wanke kwanukan a mayar.

Sai dai akwai kwanon da ba ya buɗewa. In ya yi niyyar shiga mangazar mutum ya binciki kayansa, ba ya cin abincin gidansa. Kwanon yakan koma yadda ya zo, da murfinsa, da nauyinsa. Bai taɓa cewa wannan gargaɗi ba ne, kuma ba na jin ya ɗauke shi haka. Na taɓa jin ya ce wa mai gari shi dai ba zai iya cin tuwon mutum yau, gobe ya tsaya a kan buhunansa yana tuhumarsa ba. Amma gari ya koyi karanta abin. Da azahar ta yi, masu zaman inuwa sukan bi kowane mai ɗauke da kwano da kallo, su auna daga yadda ya riƙe shi ko da nauyi ko babu. Wanda nasa ya koma cike yakan kwana da shiri: ya nemo takardunsa, ya je ya cika abin da ya rage, wani lokaci kuma, gaskiya, ya rage kayan da ke ɗakin kafin gari ya waye.

Ina da shekara hamsin yanzu, kuma har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan wannan al'ada ba. Wata rana in gan ta a matsayin kunya da mutunci, wata rana in gan ta a matsayin ɓarakar da dukiyar ƙasa take zurarewa ta cikinta. A wancan lokacin kuwa ba ni da shakka ko kaɗan. Tattalin arziki nake karantawa, kuma na tabbata ɓaraka ce.

Zamanin ya dace da mai son gardama. An yi babban taron ƙasa, soja sun koma bariki, jam'iyyu sun yi yawa har tutocinsu sun rufe rumfunan kasuwa. An yi zaɓe, ɓangaren da kawu ya bi ya faɗi. A rumfar wani tela da ke kallon mangazarmu ake taruwa bayan la'asar a saurari rediyo, kuma a watannin nan maganar da ta fi zafi a majalisar ƙasa ita ce ta ma'aikatan lanho. Baitulmali babu kome, albashi yana makara wata da watanni. Masu mulki suka ce dole a ɗauki sababbin ma'aikata, domin mutum guda ba zai iya duba kasuwannin yanki guda ba. 'Yan adawa suka ce ba ma'aikata za a ɗauka ba, 'yan bangar jam'iyya za a sa wa riga a aika su ƙofar waɗanda ba su yi zaɓe daidai ba.

Telan na masu mulki ne, kuma shi da kawu tare suka yi wasan ƙasa, saboda haka babu abin da ba sa faɗa wa juna.

"Alhaji, kai mi ya tsorata ka?" in ji shi, ƙafarsa tana kan keken ɗinki. "Mai gaskiya ai ko dubu aka ɗauka barcinshi yake yi."

"Kai ka yi barci," in ji kawu. "Mi za su iske wurinka? Almakashi da ƙyallen mutane da ka rage?"

Aka yi dariya. Telan ya juyo wurina. "Ɗan jami'a, hwaɗa ma kawunka. Ƙasa tana tahiya babu lanho?"

Na faɗa masa. Na yi dogon bayani a kan malaman lakol da ba a biya ba, da likitar garinmu, wato asibiti, da babu ko auduga a cikinta. Na ce ƙarancin ma'aikata talaka yake cuta, domin mai bincike guda ba shi da lokacin da zai bi manyan attajirai masu motoci da rassa a garuruwa, sai ya tsaya a kan mai tebur da mai rumfa. In aka ƙara hannu, na ce, to a lokacin ne za a kai ga manya. Na yi imani da abin da nake faɗa, kuma rabinsa har yau ina kansa.

Kawu ya saurare ni har na gama, yana murza carbinsa. Sa'an nan ya nuna da haɓa wajen dogayen mangazun da ke ƙetaren titi, na wani babban Alhaji da ya yi wa masu mulki hidima a lokacin zaɓe, wanda motocinsa suke wuce shingen duwan, wato kwastan, ba tare da sun rage gudu ba.

"Ranar da ka ga an taɓa ƙofar can, zo ka tashe ni ko ina barci," in ji shi. "Amma ni na san wuƙa in an wasa ta, a kan abin da ya fi taushi ake gwada ta."

Ba a yi dariya ba wannan karon. Rediyo ya ci gaba da magana shi kaɗai.

Damina tana ƙarewa Mushe ya zo zagayensa na ƙarshe. Na kai masa kwano, na same shi yana ɗaure tabarmarsa a bayan babur. Ya ce an sallame shi, shekarunsa sun cika. Ya karɓi kwanon ya zauna ya ci sosai, abin da ban taɓa gani ba, ya ce in gaishe da innata, matar kawu, in gaya mata miyarta ta fi ta kowa a kasuwannin da yake bi. Da zan tafi ya kira ni.

"Samari, waɗanda za su zo yara ne kamarka. Sun fi ni karatu. Ka ce ma kawunka ya bi a hankali da su har ya san halinsu."

Na isar da saƙon. Kawu ya ce ai kowane baƙo da sannu ake saninsa.

Sababbin suka iso a farkon kaka, su uku, a cikin wata farar mota da aka ce aro ce daga wani ofishi. Babbansu bai girme ni da yawa ba, siriri ne mai tabarau, kuma da muka gaisa sai muka gane mun zauna a ɗakin karatu guda a Yamai, yana gabana da aji biyu. Haifaffen birni ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya yi murna da ganina kamar wanda ya ga ɗan'uwa a daji. Ranar farko kwanuka suka cika ƙofar ɗakinsu, domin kowa yana son ya san matsayinsa, kuma kafin la'asar duk suka koma wanke. Washegari ma haka. Gari ya yi ajiyar zuciya.

Ni ne nake tsayawa a kansu, na kuwa ga yadda suke ci. Ba ɗanɗanawa suke yi ba. Suna buɗe kwano su cinye shi tas, ba sa tambayar daga wane gida ya fito. Wata rana mai tabarau ya gaya mini, yana lashe yatsa, cewa tun da aka ɗauke su ba su ga albashi ba, kuma ba don kirkin mutanen garin nan ba da garin rogo za su riƙa sha. Ya ce bai taɓa ganin mutane masu karamci irin namu ba.

Da na koma gida na ce wa kawu ina ganin yaran nan ba su san ma'anar kwano ba. Yunwa ce take sa su ci.

"Sun ci ko ba su ci ba?" in ji shi.

"Sun ci, kawu."

"To. A lakol an koya muku lissahi, ba a koya muku cin abinci ba. Babu ɗan Musulmin da zai sa hannu a tuwonka ya tashi ya yi maka ƙulli. Ko a birni uwa ta haihe shi."

Wake ya yi kyau a shekarar, kuma masu saye daga kudu sun aiko cewa motocinsu suna nan tafe. Kawu ya saki jiki. Ya bi kasuwannin ƙauye har wajen Gazawa, amalanke yana bin amalanke, ya cika mangaza har buhu ya kusa taɓa kwanon rufi. Bai sa wa waken ƙwayar maganin ƙwari ba. Wanda zai ajiye wake ya daɗe shi yake sa magani, amma wanda zai loda a cikin 'yan kwanaki ba ya sawa, domin masu saye suna shinshina buhu, in suka ji wari su karya farashi. Kowace rana ina kai kwano, kowace rana yana dawowa wanke, wani lokaci har da goro a ciki.

Da hantsi suka zo, ranar da ba ta kasuwa ba. Ina rumfar tela na ga farar motar ta tsaya a ƙofar mangazarmu, jandarma guda ya fito daga baya yana gyara hularsa. Keken telan ya tsaya, ni kuma na taso na tsaya kusa da kawu. Mai tabarau ya gaishe da kawu da ladabi, ya nemi patantinsa, ya duba, ya shiga ya ɗaga kai yana kallon buhuna. Ya ce takardar ta mai sayar da kaya da tiya ce, alhali abin da ke ɗakin nan kayan babban dillali ne mai fitarwa waje. Ba ƙarya ya yi ba. Shekara da shekaru Mushe yana barin kawu a wannan mataki, yana cewa cikar mangaza ta wata guda ba ita ce arzikin mutum ba. Mai tabarau ya ce shi ba shi da ikon yanke abin da za a biya. Za a rufe ɗakin har mai dubawa ya zo daga Maradi.

Kawu bai yi maganar takarda ba. Ya dube shi ya ce, "Jiya ka ci dambun gidana."

"Na ci, Alhaji, na kuma gode. Ya yi daɗi ƙwarai." Ya faɗi haka da fara'a, yana jiran sauran maganar. Ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci mene ne haɗin dambu da wannan.

Suka ja ƙofar ƙarfen, suka sa kwaɗonsu a kan namu, suka zura waya suka danne ta da dalma mai hatimin gwamnati. Kawu ya ce musu waken babu magani, a bar shi ko da rabin yini ya sa. Mai tabarau ya ce in an buɗe bayan an rufe, shi za a tuhuma da cewa an rage kaya, kuma ai mai dubawa ba zai wuce mako ba.

A kwanakin da suka biyo baya an rufe wasu mangazun. Mutane suka zauna suna lissafa masu su da baki, suna neman zaren da ya haɗa su. Yawancinsu na ɓangaren da ya faɗi ne, amma akwai wani mai sayar da aya da ya yi wa masu mulki rawa a fili, shi ma an rufe tasa. Telan ya riƙe wannan mutum a matsayin hujja, yana maimaitawa ga duk wanda ya zauna, amma muryarsa ta rage ƙarfi, kuma ya daina tsokanar kawu. Dogayen mangazun ƙetaren titi kuwa a buɗe suke, ana loda motoci dare da rana. Masu sayen da suka zo domin wakenmu suka tsaya suka kalli dalmar, suka ƙetara can suka cika motocinsu.

Na je na sami mai tabarau a masaukinsu. Babu kwano ko guda a ƙofar yanzu, suna dafa shinkafa da kansu a kan duwatsu. Na tambaye shi kai tsaye ko an ba su sunaye daga sama. Ya rantse ba a ba su ba. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba su taɓa babban Alhajin ba. Ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa.

"An ce mu kawo sakamako kafin ƙarshen shekara, don a nuna wa majalisa ɗaukarmu ba asara ba ce," in ji shi. "Wancan, kamfaninsa a Yamai yake da rajista. In na sa masa kwaɗo da safe, kafin azahar waya ta zo, kafin magariba ni ne a hanyar wani ƙauye a hamada. Kawunka kuwa ƙofarsa guda ce, kuma tana nan a gabana."

Ya ce shi ma abin yana damunsa. Ya tambaye ni ko mun yi fushi ne da aka daina aiko musu da abinci. Na bayyana masa al'adar Mushe tun daga farko. Ya saurara bakinsa a buɗe, sa'an nan ya ce a hankali, wato duk kwanakin nan yana yi wa mutane alkawari bai sani ba. Na yarda bai sani ba. Abin da ban sani ba har yau shi ne ko wanda ya zaɓi a turo baƙin yara masu yunwa garin da ba su san kowa ba, shi ma bai sani ba.

Mako ya wuce mai dubawa bai zo ba. Sai ma'aikatan gwamnati na ƙasa baki ɗaya suka shiga yajin aiki saboda albashi. Farar motar ta tafi da samarin, buro, wato ofishinsu, ya rufe a babban gari, ya rufe a Maradi. Kawu ya je wurin mai gari, mai gari ya ce dalmar gwamnati ba rawaninsa ba ce. Ya je wurin jandarma, suka ce duk wanda ya tsinke wayar nan gidan kaso zai kwana. Wani ya ba shi shawara ya fasa bango ta baya ya sa magani ya liƙe, amma bayan mangazar yana kallon tasha, kuma a lokacin babu wanda ya san wa yake kai labarin wa.

Kullum da safe kawu yakan ɗauki kujerarsa ya zauna a jikin ƙofar, kamar yadda ya saba lokacin tana buɗe. Da farko babu abin da ya sauya. Daga baya ƙarfen ya fara ɗumi tun kafin rana ta taɓa shi, domin wake in ƙwari sun kama shi zafi yake yi daga ciki. Sai wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, mai kama da na tsohon rumbu da ruwa ya shiga. Wata rana da tsakar rana, tasha ta yi shiru, ya kira ni ya ce in kara kunnena. Na kara. Wani sauti ne siriri marar yankewa, kamar yayyafi a kan busasshen kara.

"Ka ji su?" in ji shi. "Su ba su yajin aiki."

Ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa suka fara fitowa ta kafar ƙofa suna hawa bango, suna shiga rumfar tela, suna faɗawa cikin kofin shayi. Masu zaman rumfar suka ragu. A rediyo kuwa ana ta gardama, wani yana cewa sababbin ma'aikata sun nuna amfaninsu, wani yana cewa an tabbatar da abin da suka faɗa tun farko. Na saurari hujjojina suna fitowa daga bakin wani ɗan majalisa, kusan kalma da kalma, ina zaune ina kaɗe ƙwari daga wuyan rigata.

Sanyi ya kusa fita lokacin da aka janye yajin aikin. Mai dubawa ya zo daga Maradi tare da mai tabarau, wanda ya ƙara ramewa. Aka yanke wayar, aka ja ƙofa. Zafi ya bugo mu, ƙwari suka taso kamar hayaƙi, mai dubawa ya ja da baya yana toshe hanci da hankici. Kawu ya shiga shi kaɗai. Ya soka hannu a buhun farko ya ɗebo, ya murza, iska ta kwashe garin daga tafinsa, abin da ya rage ɓawo ne mai huji-huji. Mai dubawa ya ce tun da kayan ba su da sauran daraja, ba za a ci shi tara ba, sai dai ya gyara patantinsa a shekara mai zuwa. Ya faɗi haka kamar mai yin alheri. Fulanin da ke zuwa kasuwa suka kwashi abin da ya rage domin dabbobi, wani dattijo a cikinsu yana ta cewa kawu ya yi haƙuri.

Kawu bai gyara patanti ba, domin bai ƙara buɗe mangaza ba. Da kaka ta zagayo ya sayi wake kaɗan, ya rarraba shi a gidajen dangi a ƙauyuka, buhu biyu a ɗakin wannan gwaggo, uku a rumbun wancan ƙane, saura a ɗakin innata a bayan gado. Sauran 'yan kasuwa irinsa suka yi haka. Layin mangazun bakin tasha ya zama kango, ban da dogayen na ƙetaren titi, waɗanda aka ƙara wa tsawo.

Ana gab da buɗe jami'a, bayan ta haura shekara a rufe, muka ji a rediyo cewa abin da ake tarawa daga kasuwannin karkara ya ragu, domin 'yan kasuwa sun koma ɓoye kaya a cikin gidaje, kuma ana neman majalisa ta yarda a ƙara ma'aikata, a ba su izinin shiga gidaje. Muna zaune a zaure ni da kawu bayan azahar. Can muka ji ƙarar mota ta baro titi ta shigo lungunmu, inda mota ba ta saba shigowa ba, tana tafiya a hankali kamar mai duba ƙofofi. Kawu ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya ce in shiga in gaya wa innata ta saki labulen ɗakinta.